Asibitin da Muka Yi wa Fentin Ganin Ido

Ku ajiye rolar nan tukuna ku saurare ni. Tun safe nake kallonku, kowa ya tsoma ya goga, ya ja da baya yana kallon bango kamar shi ya gina shi. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana gaya wa mai shayi wai sana'ar nan ko wa aka miƙa wa bokiti zai yi ta. To madalla. Ni Sabo da na yi furfura a cikin warin fenti da tina har yau ina jin tsoron bango, ku kuma da ko tsani ba ku iya kafawa daidai ba kun riga kun gama sani.

A hannun Maigida Ilu na koya, Allah ya jiƙansa, tun Dutse tana garin duwatsu da dabino, ba ta san za ta zama babban birni ba. Shekarata ta farko ban taɓa buroshi da sunan shafi ba. Kankara kawai. A ba ka ƙarfen kankara da samfefa, a nuna maka bango, ka yi ta ci har ƙura ta toshe maka hanci. Ka toshe tsaga da foti. Ka wanke buroshi da kananzir, ka rataye shi, don in ka jingine shi a kan gashinsa ya lanƙwashe, ranar sai ka gwammace kura ce ta kama ka. Ka jiƙa farar ƙasa ta kwana, ka tace ta da tsumma, ka zuba ƙaro da gishiri da ɗan bula. Ƙaron nan shi ne ke riƙe ta a bango. In aiki ya bushe, Maigida zai zo ya goga tafin hannunsa a jiki, ya juya ya duba. In ya ga fari a hannunsa ba ya cewa uffan, a kumatu zai shafa maka, kuma ba ka isa ka goge ba, haka za ka wuni kowa na ganinka.

Da aka ba mu jiha sai aiki ya ɓalle. Kowane shago ya zama ofis, kowane gidan haya ya zama gidan babban ma'aikaci. Mutanen da jiya suke sayar da goro suka wayi gari 'yan kwangila ne. A nan na gane fenti iri biyu ne. Akwai fentin zama, wanda ake yi don mutane su zauna a ciki. Akwai kuma fentin ganin ido, wanda ake yi don wani babba zai wuce. Na ganin ido ba a kankara, ba a foti, ba a ƙaro. Ruwa ake lafta wa bokiti ɗaya har ya zama uku, a ƙara farar ƙasa, a yi shafi ɗaya a gudu. Kuma abin takaici, a makon farko ya fi na zama haske. Maigida bai taɓa yarda ya yi shi ba, har ya rasu. Ni na yi, kuma na iya shi fiye da kowa a garin nan.

Aikin da nake so in ba ku labari, wani ɗan kwangila ne ya kawo shi, Alhaji Garba, lokacin mulkin soja. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa. Ya ce akwai asibiti a wani gari can ƙasar Miga, an gina shi tun muna ƙarƙashin Kano, ba a taɓa buɗe shi ba, yanzu kuma babban baƙo zai zo buɗewa. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanensa suna nan da ransu. Na ce, "Alhaji, wane iri za a yi?" Ya ce, "Oga Sabo, kai ma ka sani. Fuska da baranda da ɗakuna biyu. Sai duwatsun bakin hanya da gindin bishiyoyi." Ya sauke mana kayan da ko rabin katangar ba za su ci ba, ya juya motarsa.

Hanyar garin ta ratsa fadama. Daga kwalta ka sauka sai yashi, daga yashi sai baƙar laka wadda ta bushe ta tsattsage. Direban da ya kai mu ya ce, "Ku gama ku fito kafin ruwa ya zauna. In ya zauna, nan wurin ko jaki sai ya yi shawara."

Maigadin asibitin wani dattijo ne, Malam Buba, Bafulatanin da ya daɗe da zama ya koma noma, kowa Baffa yake ce masa. Siriri, da ɗan gemu, da tarin mukullai a ɗaure da igiya a wuyansa. Filin da aka gina asibitin gonarsa ce, ta gero, shi ya bayar da ita da hannunsa. Aka ce masa ya riƙe gadi kafin a buɗe. Ya share harabar tas, har ya shuka darbejiya a jere a bakin ƙofa, sun girma sun yi inuwa. Ya ce don masu jiran marasa lafiya ya shuka su.

Ni ƙa'idata, ko fuska kawai zan shafa sai na zagaya gini na ga cikinsa. Na ce, "Baffa, a buɗe mana mu gani." Ya yi murna ƙwarai, ya shige gaba yana kaɗa mukullai.

Ƙofar farko ma ba ta buƙaci mukulli ba. Gara ta cinye katakon ta bar fatar fenti kawai, ina turawa hannuna ya shige. Wari ya buge mu, warin kashin jemage, irin mai hawa ka. Dogon lungu ne, ɗakuna hagu da dama. Silin ya rufto a wurare da yawa, kana ɗaga kai kana ganin kwano, kana ganin rana ta ramukan ƙusa. Jemagu kuwa a rataye reras, muna tafe suna motsi. Na taɓa bango, filasta ta biyo hannuna. Ruwan sama ya yi shekara da shekaru yana bi ta ciki, ya bar zane baƙi tun daga sama har ƙasa.

Baffa bai ga duk wannan ba. Shi gabatarwa yake yi. "Nan ɗakin maza. Nan na mata. Nan za a riƙa ba da magani, ka ga tagar." Ɗakin maganin kantoci ne a jere, babu komai a kai sai gidan rina. Ɗakin tiyata an lulluɓe shi da farin tayil har sama, shi kaɗai ne bai zuba ba, saboda haka mai unguwa ya tara harawarsa a ciki. Na murɗa kan famfo, ya ciro a hannuna, babu bututu a bayansa, a siminti kawai aka dasa shi. Wayoyin wuta sun leƙo daga bango, kowacce an naɗe bakinta, ba su je ko'ina ba. A baya akwai ɗakin janareta: dandamalin siminti da ƙusoshi huɗu a tsaye suna jiran injin da ba a taɓa kawowa ba, kaza ta yi ƙwai a tsakaninsu. Tankin ruwa na can sama a kan ƙarafa, na jefa masa dutse ya yi ƙara irin ta garwar da ba komai.

Ɗaki na ƙarshe shi ne ya buɗe da mukulli na gaske, har da bisimilla. Ɗakin haihuwa. Shi kam a share yake, Baffa ya toshe tagogin da zana don kada jemagu su shiga, ya hau da kansa ya liƙe ramukan kwanon da kwalta. Babu gado, babu kujera, fili ne kawai da bango huɗu.

Ya tsaya a tsakiya ya ce, "Malam Sabo, wannan shi za ka fi gyara mini."

Na ce, "Yana cikin biyun da aka ce, Baffa."

Ya kalli ƙasa. Sannan ya ce, "Waccan ta Takur ta yi nauyi."

Sai da ya ci gaba da magana na gane 'yarsa yake nufi, Hansatu. 'Yar fari ce, ba ya kama sunanta. Tana aure a Dutse, a unguwar Takur. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa tun bai yi ƙwari ba, wannan ne na farko da ya zauna. A wajen awo an gaya musu kada a kuskura ta haihu a gida, sai a asibiti, don mai yiwuwa sai an yi mata aiki. Ku kuma kun san al'ada, haihuwar fari a gaban iyaye ake yi, mace ta tafi goyon ciki gidansu, ta haihu, ta yi wanka, sannan a mayar da ita. Mijin yana ta jan ƙafa saboda maganar likita. Baffa ya ce, "Da ina da ta cewa? Ba ni da ita. Amma yanzu Allah ya kawo. Sun ce asibiti, to ga asibiti a gonata. A ɗakin nan za a sauke ta."

Na ce, "Baffa, zo ka gani." Na ja shi wajen kayanmu, na buɗe durom, na tsoma sanda na ɗaga, abin yana zuba tsararo kamar kunun da aka yi wa rowar gari. Na ce, "Ka ga wannan? Ba fentin zama ba ne. Wanda zai buɗe asibiti da gaske rufi yake fara gyarawa, ya ja ruwa, ya ja wuta, mu masu fenti mu ne na ƙarshe. In ka ga an fara da mu, to ba buɗewa za a yi ba, wucewa za a yi. Ka bar yarinyar nan a Takur."

Ya yi murmushi irin na manya. "Malam Sabo, kai fenti ka sani. Gwamnati za ta tara jama'a, ta kira sarakuna, a yi addu'a, don wasa?"

"Na ga an yi, Baffa. Da hannuna na shafa."

"Wancan daban. Ka dai yi aikinka da kyau, Allah ya yi maka albarka."

Da ya ji a Takur nake zaune, sai ya ɗora mini saƙo. Surukin nasa ashe Isa ne, tela, wanda shagonsa ke bayan layinmu, shi yake ɗinka wa yarana kayan Sallah. Da na leƙo gida ɗebo ƙarin farar ƙasa na same shi a kan keken ɗinki. Na ce, "Isa, Baffa ya ce a gaishe ka, ya ce lokacin goyon ciki ya yi, a kai ta. Wannan saƙonsa ne, na sauke. Yanzu ga nawa: kada ka kai ta. Na shiga asibitin nan lungu-lungu. Jemagu ne da harawa."

Ya dakatar da keken. Ya ce, "Yaya Sabo, ni ma hankalina bai kwanta ba. Amma da wane baki zan ce wa Baffa a'a? Sau biyu yana aiko ƙaninsa. In na hana, cewa za a yi na raina su, ɗan birni ya ga iyayen matarsa 'yan ƙauye ne."

"A ce. Ai ba a mutuwa da a ce."

"Bari dai in zo ranar buɗewar in gani da idona. In babu, ko za a tsine mini ba za ta je ba."

Na ce to, hakan ma ya yi. A raina na ce duk mai ido in ya zo zai gani.

To, a nan ne sana'a ta yi aikinta. Mun share jemagun lungun gaba da hayaƙin barkono. Inda silin ya rufto muka buga farin yadi muka shafe shi, sai ka rantse silin ne. Ƙofofin da gara ta ci muka cike su da takarda da foti muka bi da shuɗi. Aka gitta allon katako a tsakiyar lungun, muka shafe shi kalar bango, duk ɓarnar ta koma bayansa. Fuska fari, gindi shuɗi zuwa gwiwa, na ja layin da zare, ko karkata babu. Ɗakin haihuwa na roƙi Alhaji ya ba ni ko galan ɗaya na fenti mai mai, ko ƙaro in zuba. Ya ce, "Oga Sabo, baƙon nan kwana zai yi a ciki?" Da abin da ke cikin durom na shafa shi. Ya fito fes, yana ɗaukar ido. Baffa ya leƙo ya ce, "Masha Allah."

Ana gobe buɗewa manyan motoci suka iso. Gadaje, katifu, fararen zannuwa, ƙarafan rataya ruwa, sikelin jarirai, kwalaye da aka jera a kantocin ɗakin magani. Na ɗaga ɗaya, iska ce a ciki. Janareta a kan tirela aka zo da shi, ba a ma sauke shi ba, aka ja waya ta taga. Da safe mota ta kawo ma'aikatan jinya cikin fararen kaya, an ɗebo su daga wani asibitin. Kai, har marasa lafiya sai da aka yi aro! Aka samo mutanen gari aka kwantar. Wani ƙato da na gani da idona yana faskare da safe, sai ga shi a gado an manna masa robar ƙarin ruwa da filasta, yana nishi. Aka yi kiɗa, aka yi jawabi, aka yanka ƙyalle. Babban baƙo ya shiga ɗaki biyu, ya gyaɗa kai, ya fito. Kafin la'asar ƙurar motocinsu ta kwanta.

Isa ya zo. Na hango shi a ƙofar ɗakin haihuwa, fanka na juyawa a sama, ga gado da farin zani, ga wata ma'aikaciya tana jera almakashi a faranti. Na kama hannunsa na ce, "Zo in kai ka bayan allon can." Soja na tsaye a wurin, ya daka mana tsawa. Isa ya ce, "Yaya Sabo, bar shi. Ai na gani. Wallahi kun yi aiki, ko na Dutse bai kai wannan kyau ba."

Na ce, "Isa, fenti ne!"

Ya ce, "Gadon ma fenti ne?"

Kashegari ya kawo ta. Ina ɗaure tsani a kan mota suka sauka, ita da ƙullin kayanta. Doguwa ce, mai fara'a, ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni, ta ce, "Sannu da aiki, Baba. An ce ku kuka gyara mana ɗaki." Na ce, "Yauwa, Allah ya raba lafiya." Abin da na ce ke nan. Me zan ce mata a gaban ubanta da mijinta?

Sauran labarin a bakin Isa na ji. Ba a rufe mako ba motocin suka dawo suka kwashe komai, har labule. Aka ce wa Baffa waɗannan na aro ne, sababbi na hanya, ma'aikata kuma ƙarshen wata za a turo. Isa ya ji labari ya garzaya ya ce zai mayar da ita. Baffa ya ce a'a. A mayar da 'ya daga goyon ciki ba ta haihu ba? Gari zai ce ya kasa ciyar da ita, ko an yi faɗa. A ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata, ai da sauran lokaci. Ƙarshen wata bai zo ba sai da ruwa ya zauna. Fadama ta cika ta shafe hanya.

Naƙuda ta zo mata da hantsi. Ungozoma ta yi iya yinta, abu ya ƙi. Da rana ta take sai Baffa ya ce a kai ta asibiti. Suka ɗauke ta suka kai ta ɗakin nan, suka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ya aika mutum a keke ya nemo ko wane ma'aikaci ne, keken ya maƙale a laka. Ita kuwa tana ta zagaya ɗakin tana dafa bango, in ciwon ya taso ta kifa hannu biyu ta zame har ƙasa, in ya lafa ta miƙe. Da suka ga ba mai zuwa suka ɗaura shanu a amalanke suka shiga fadama da ita. Ruwa har ƙirjin shanun. Ba su kai kwalta ba, rai ya yi halinsa. Ita da abin da ke cikinta duka.

Na je ta'aziyya bayan hanya ta buɗe. Tun daga nesa na ga aikina. Fuskar asibitin ta wanke, farin ya gangaro ya kwanta a gindin katanga, baƙin zanen nan na da ya dawo inda yake. Baffa na zaune a ƙarƙashin darbejiyarsa. Na yi masa gaisuwa, ya amsa. Bai ce na faɗa masa ba, ni ma ban ce ba. Ya tashi ya ce, "Zo."

Ya buɗe ɗakin. Ruwa bai shiga nan ba, fentin na nan fari tas. Sai dai a bangon gabas, daidai ƙirjin mutum, ga sawun hannaye. Biyu-biyu, yatsu a buɗe, sun ja ƙasa sun kwashe farin, tsohuwar filasta ta fito. Tun daga kusurwa har bakin ƙofa.

Ya ce, "Matan da suka yi mata wanka sun ce hannayenta fari fat. Sai da suka sa sabulu." Ya goga tafinsa a bango, ya juya ya duba, ya nuna mini. "Ashe haka yake fita."

Na ce, "Haka yake fita, Baffa."

Baƙin cikin da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma har yau bai sake ni ba. Na faɗa da bakina, na faɗa wa uba, na faɗa wa miji. Amma bakina bai kai hannuna iya magana ba. Da na yi aikin banza, da layin ya karkace, da allon nan ya nuna kansa, da Isa ya gane.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Na ce ba ni ba fentin ganin ido. Alhaji Garba ya zagaya ya gaya wa 'yan uwansa wai Sabo ya fiye surutu, yana zuga mutanen ƙauye. Aiki ya ɗauke ɗif. Na koma shafa ɗakunan amare da ƙofofin shago, har tsanina babba na sayar. Isa ya rufe shago ya koma Kano, bai ƙara yi mini magana mai tsawo ba, in mun haɗu sai gaisuwa. Ban ga laifinsa ba.

Da soja suka tafi aka shigo zamanin shari'a, aiki ya ɗan dawo. Aka yi ta kiranmu muna shafe hotunan jikin otal-otal, muna yi wa masallatai da Islamiyyu kore da fari. Na yi murna, na ce yanzu kam za a ji tsoron Allah a cikin durom. Ina! 'Yan kwangilar nan dai su ne, sun tsayar da gemu, sun ɗage wando, carbi a hannu, ruwan da suke laftawa bai ragu da ko kofi ɗaya ba. Wata rana sai ga Alhaji Garba a ƙofar gidana da sallama mai tsawo. Wai za a sake buɗe asibitin nan, baƙo zai zo, a manta da baya. Na ce sai na je na gani.

Na je. Kwanon ɗakin maza iska ta yaye shi gaba ɗaya, wata bishiya ta tsiro a tsakiyar ɗakin ta leƙa sama. An ciccire tagogi. Tayil ɗin ɗakin tiyata an ɓamɓare rabi, awaki ke kwana a ciki. Allon da muka gitta yana nan a lungu, ya ruɓe ya durƙusa. Tankin ya faɗo. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, mukullan wuyansa sun ragu saura ɗaya. Harabar dai a share.

Na dawo na ce wa Alhaji, in za a yi rufi, a ja ruwa, a kankare, a yi fentin zama, ni zan yi, ko ladan hannuna kada a ba ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Oga Sabo, har yanzu ba ka warke ba." Ya ba wani. Wanda ya ba ɗin ma ni na koya masa riƙon buroshi.

Amma kafin in baro garin a ranar da na je dubawa, Baffa ya riƙe mini hannun riga. Ya ji an ce masu fenti za su dawo. Ya ja ni har ƙofar ɗakin, ya buɗe da mukullinsa ɗaya. Sawun na nan yadda na bar su, ƙura ta ɗan hau. Ya ce, "Malam Sabo, alfarma nake nema. In sun zo, ka roƙar mini su. Su shafa ko'ina, amma su bar mini bangon nan. Shi kaɗai ya rage mini na Hansatu."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya kama sunanta.

Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka. Wannan karon fuska kawai za su shafa. Ba za su shigo ciki ba."

Kuma ba su shiga ba. Baƙon ma a bakin ƙofa ya yanka ƙyallensa ya koma mota.

To, ku tashi. Kai mai cewa kowa zai iya, je ka bangon da ka gama ɗazu, ka goga tafin hannunka, ka zo ka nuna mini.